Gaurakar da Na Sayo wa Baba a Dubai

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanyar Abuja daga Kano, ni da ƙawata da muke saro kayan adon ɗaki tare. Titin Kaduna ana cikin gyaransa, nan a matse mu a hannu ɗaya, can a jefa mu gefen gona, har ƙawar tawa ta ce in dai muka isa filin jirgi da ƙugunmu lafiya, sauran tafiyar wasa ce.

Kafin na fito na shiga ɗakin Baba. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun ya ɗan dawo, amma magana ta tsaya a "to" da "a'a". Likita ya ce harshen zai iya sakuwa in ana jan sa da hira, in kuwa ya saba da shirun, to sai haƙuri. Mun ja har mun gaji. Mutumin da ya tashi a fadamar Haɗeja, wanda in ya fara labarin tsuntsaye sai tuwo ya huce, yanzu bango yake kallo. Na ce, "Baba, me zan kawo maka?" Ya ce, "To." Amsar nan ta tsaya mini a rai har cikin jirgi.

Dubai ta tarbe mu da zafinta mai danshi. Kwana uku muka yi muna saro labule da fitilu muna kai wa masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida. A na huɗu muka hau abra, kwale-kwalen katako da ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai a kan dirhami ɗaya. Ƙawata, wadda ta sha hawa jirgin sama ba ta ko ƙifta ido, ta riƙe mayafina tana salati har muka sauka. A kasuwar yadi Indiyawa suna ta kira da Hausarsu mai karkata, "Hajiya, zo gani, akwai araha." Muka sha shayin karak, muka ci biryani, na barbaɗa masa yajin da na taho da shi, don ni abinci ba yaji horo ne.

A wani lungu bayan masu yadi na hangi shago cike da hotunan tsuntsaye cikin firam. Ba na kyamara ba ne, zane ne a kan tsohuwar takarda da ta yi ruwan ƙasa. Na ga zalɓe, na ga belbela, sai na tuna da bangon da Baba yake kallo. Na tambayi mai shagon ko yana da tsuntsuwa mai tukku kamar tsintsiyar zinariya. Ya ce sai dai a ma'ajiyarsu ta Al Warsan, kuma mai sa musu firam ɗan ƙasarmu ne.

Washegari da hantsi tasi ta kai mu. Can babu dogayen benaye, sai rumbunan kaya da gidajen ma'aikata. Mai firam ɗin dattijo ne ɗan Tafawa Ɓalewa, Malam Bulus, shekararsa tara a Dubai. Ya sa safar hannu kafin ya taɓa takardun. Ya nuna mana yadda aka buga zanen da baƙin tawada, sannan wani ya zauna da buroshi ya sa launi gashi bayan gashi, shekara fiye da ɗari da ta wuce, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak. Ya shimfiɗa gauraki biyu. Ɗaya baƙa-baƙa, takardarta duk ɗigo. Ɗaya mai wuya ruwan toka, da jan leɓe yana reto a maƙogwaro, tsaf da ita.

"Hajiya, shuwayya, a hankali, ki duba da kyau," in ji shi. "Ina jin baƙar nan ce ta wajenmu."

Na yi dariya. Ni da tun ina yarinya Baba yake kira na Gauraka saboda tafiyar ƙasaita, ni za a nuna wa gauraka? Na ɗora yatsa kusa da mai kyan na ce ita nake so.

"Khalas, shi ke nan, yadda kika ce," ya faɗa, ya ɗauko ma'auninsa.

Ta ci kuɗin labule uku, ban yi ciniki mai tsawo ba. Ban yarda ta shiga kago ba, na naɗe ta da zane na rungumo ta har Kano.

Da na isa gida Inna ta fara cewa hoton mai rai ba zai shiga ɗakin da ake sallah ba. Muka daidaita a kan barandar da Baba yake zama da la'asar. Na jingina firam ɗin a gabansa, na koma gefe ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga hannun nan mai rauni ya ƙwanƙwasa gilashin.

"A'a," ya ce. Sai kuma, a hankali, kalma tana jan kalma: "Ba tamu ba ce. Tamu baƙa ce. Ba ta da wannan leɓen."

Inna ta saki buta. Shi kuwa bai ma lura ba, haushin kuskuren ya kama shi. Ya ce kuncin tamu fari ne a sama, ja-ja a ƙasa. Ya ce biyu-biyu suke sauka bayan ruwa ya janye, namiji yana tsalle yana rawa. Wasu kalmomin suna maƙalewa, ya yi fushi, ya sake ɗauko su. Har aka kira magariba bai gama gyara wa mai zanen aikinsa ba. Ni ina zaune ina hawaye, kuma ban ɓoye ba.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa shekara arba'in ina amsa sunan tsuntsuwar da ban taɓa gani da idona ba, kuma duk watannin da muka yi muna lallaɓa Baba da "sannu", abin da yake nema shi ne wanda zai yi kuskure a gabansa ya gyara. Na aika wa Malam Bulus saƙo cewa shi ne da gaskiya, ya ajiye mini baƙar. Da na gaya wa Baba, sai ya girgiza kai.

"Bar wannan a nan, Gauraka," ya ce. "Ban gama da ita ba."