Takardar da ke Cikin Hulata

Shekarar da Turkawa suka sauka a benenmu na unguwar Shisha a Makka ni ne maigadi, ko da yake a takarda ba ni ba ne. A takarda wani ɗan garinmu ne mai iƙama, wato katin izinin zama, wanda ya haɗa gadin gidaje biyu, ya ga ba zai iya raba kansa ba. Sai ya ba ni riga mai ratsin walƙiya da tarin makullai, ya ce in zauna a bakin ƙofa in riƙa haɗe rai. Haɗe rai kuwa ba sai an koya mini ba. Na fi shekara talatin a Makka babu ko guntuwar takarda, kuma na daɗe da gane cewa mutum mai makullai a ƙugu, wanda ba ya dariya, ba a cika tambayarsa ko shi wane ne ba.

Aikin hajji na zo ina saurayi. Na yi ɗawafin bankwana kamar kowa, tafiyar ce dai ban yi ba. Mu ne ake kira 'yan takari. Na yi dako, na sayar da tsire a unguwar Mansur, na yi aure, na haifi 'ya, na aurar da ita. Can gida iyayena sun rasu, gidanmu ma an ce titi ya bi ta kansa. In aka kama ni aka kai ni tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, jirgi zai sauke ni a garin da ba ni da ko tabarma, matata kuma tana nan da ciwon gwiwa, ba mai hawo mata da ruwa. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi, balle lokacin hajji da ake tsananta bincike.

Abu ɗaya ne a benen nan da nake ce wa nawa. A bayansa akwai wani lungu mai ƙofar ƙarfe, inda ruwan na'urorin sanyaya ɗaki yake ɗiga. Can na jera tsofaffin bokitan fenti na shuka kuɓewa. Ba ta taɓa yin 'ya'ya ba, amma duk wanda ya zauna da ni a wurin mai shayi ya san ina da gona a Makka.

A wurin mai shayin nan ne labari ya ɓulla, wai an umarci shugabannin ayarin alhazai su riƙa duba takardun ma'aikatan gidajen da suka sauka. Ban san wanda ya fara faɗa ba. Na dai san ni ma na ƙara masa gishiri, don kawai in ga wani abokina ya kasa haɗiye shayinsa. Na yi dariya har da hawaye, na tafi da labarin gida, na manta rabinsa ni na ƙirƙira.

Turkawan suka iso, tufafinsu iri ɗaya, kowa da kati rataye a wuya. A cikinsu akwai wani dattijo dogo mai farin gashin baki, yana tafiya a miƙe kamar tsohon soja, da ɗan littafi da biro a aljihun gaba. Rana ta uku bayan la'asar ya zo ya tsaya a gaban kujerata. Ya dubi rigata, ya dubi makullaina, ya nuna su da yatsa.

"Izin?" in ji shi.

Ban iya Turkanci ba, amma wannan ba ta buƙatar tafinta. Izini dai izini ne, a Hausa, a Larabci, ashe har a wurinsu. Shi ne abin da ba ni da shi tun kafin a haifi 'yata. Na zaro wayata, wadda ba ta da caji tun safe, na kara a kunne ina ta cewa gani nan zuwa, na wuce ɗakin tankin ruwa na zauna a kan bulo har aka kira magariba.

Daga ranar na koma maigadin da ake gadi. Na haddace tarin dattijon, na haddace takunsa a kan bene. In yana hawa na huɗu, ina sharar na biyu. In ya sauko, na hau. Matata ta lura na daina gama tuwona. Ba ta kirana Alhaji sai za ta tsokane ni, don a garin nan kowa Alhaji ne, to ranar sai da ta ja sunan sosai, ta tambaya ko wata ce ta fara ciyar da ni a waje. Na ce zafi ne. Ta ce zafin ya shekara talatin yana nan bai taɓa hana ni neman ƙari ba.

Kwana biyu da haka dattijon ya ritsa ni a bakin lif, babu ta inda zan bi. Wannan karon ya canja kalma. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Musade."

A Larabcin da muke yi a nan, musa'ada taimako ce. Kuma na kwana biyu a duniya, na san abin da mai littafi da biro yake nufi in ya ce a taimaka. Na yi hamdala a raina, na ce ashe mutumin yana cin abinci. Da yamma na je Mansur na karɓo kilishi mai kyau a wurin wani aminina, na naɗe shi a jarida, na miƙa wa dattijon da hannu biyu, har da ɗan kanne ido. Ya dubi ƙunshin, ya dube ni, ya sake duban ƙunshin, sannan ya karɓa. Washegari na tarar da leda a kan kujerata, busasshen ɓaure ne da zaitun. Na fassara ta nan take: an mayar mini da toshiyata, ba ta karɓu ba. Ɓauren dai na cinye shi, don tashin hankali bai taɓa hana ni zaƙi ba.

Sai kuma takarda ta zo. Ya taho da wata mata daga ayarinsu, mai tabarau, ita ta miƙo mini shafi guda da aka yago daga littafin nan nasa. Da Turanci aka rubuta. Ni karatuna ajin yaƙi da jahilci ne na damina biyu, na san haruffa kamar yadda mutum yake sanin maƙwabtan bene, fuska kawai, ban da halinsu. Amma akwai kalma ɗaya da aka ja wa layi biyu a ƙasa. Na bi ta a hankali: a, sai l guda biyu, sai o, sai wani w a ƙarshe kamar jela. Na watsar da jelar na karanta, allo. To, a zauren benen akwai allo da ake manna sanarwa da sunayen mutane. Shi ke nan, na ce, za a kafa sunana kowa ya gani. Na ninke takardar na cusa a cikin hulata, na yi musu murmushin da ni kaina na san bai yi kyau ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau mota zuwa unguwar Ka'akiyya, gidan 'yata. A nan aka haife ta, Hausarta duk Larabci ya cinye gefenta, kuma ta tsinci ɗan Turanci a waya. Ban nuna mata takardar ba, don tana da tsohon ciki, ban so in tayar mata da hankali. Na ce wani abokina ne yake tambaya. Na zana mata haruffan a bayan kwalin shayi, har da jelar.

Ta ce wannan ba allo ba ne, alaw ake faɗa. Ta danna wayarta ta fara karanto mini ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya, tana mayarwa da Hausa inda ta iya. Wai a bari. Wai a ƙyale. Wai a yarda, a amince, a ba da dama. Wai har a ware wa mutum wani abu. Ina jin an ce ware, na ce to ga ta nan, ware ni za a yi. Ta dube ni ta gefen ido, ta ce ai abokin nawa ne za a ware, ko ba haka ba. Na ce haka ne, bakina ne ya kuɓuce. Sannan na tambaye ta ko wayar ta san yadda Turkawa suke faɗin wannan kalma.

Ta sake danna wayar. Wata murya ta mace ta fito daga wayar, ta ce izin bermek. Ta ce musade etmek. Ta ce birakmak, da wasu da ban riƙe ba. Na sa aka maimaita mini sau uku. Ga kalmomin dattijon nan duka biyu a jere, kamar wa da ƙani. 'Yata ta yi mini bayani, ta ce musaden Turkawa ba musa'adarmu ba ce, sun ari kalmar a wurin Larabawa sun ba ta wani aiki. Duk abu ɗaya suke nufi, kuma wanda ya dafa ƙirji ya faɗe su roƙo yake yi, ba bincike ba.

"Baba," in ji ta, "cire hular nan. Tun da ka shigo kake dafe da ita kamar za ta tashi sama."

Na cire. Ta warware takardar, gumi duk ya jiƙa ta, ta karanta a ranta, sannan ta karanta mini. An rubuta cewa don Allah in bar wannan dattijo ya shiga bayan gida wurin shukata. Manomi ne. Tagar ɗakinsa tana kallon lungun, kuma kullum ya leƙa sai ransa ya ɓaci. Ba zai taɓa ko ganye ɗaya ba sai mai shukar ya yarda, saboda nan Harami ne, ba a tsinke tsiro haka kawai.

'Yata ta yi dariya har sai da ta riƙe bango, na ji tsoron kada haihuwar ta zo a ranar. Ni kuwa ban yi dariya ba tukuna. Na zauna ina jin numfashina yana komawa inda ya saba zama, kamar an sauke mini buhun siminti daga ƙirji. Na ce ta zubo mini abinci. Na ci, na nemi ƙari. Kafin in tafi ta nemo mini abin da Turkawa suke cewa in za su ce wa mutum bismillah, shigo. Wai buyurun. Na ce wannan ba za ta yi mini wuyar riƙewa ba, kwana shida ke nan ina ɓuya.

Washegari na wanke rigar walƙiya na goge ta. Da dattijon ya sauko ban gudu ba. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na bar shi a tsaye kaɗan, Allah Ya yafe mini. Na miƙa hannu na nuna katin wuyansa. Ya ciro da sauri ya ba ni. Na duba gaba, na duba baya, na dubi fuskarsa na dubi hoton, yadda na sha leƙen ana yi wa mutane daga bayan motoci. Daga baya na gane a juye na riƙe shi. Sannan na tashi, na karkaɗa makullai, na buɗe ƙofar lungun.

"Buyurun," na ce.

Gashin bakinsa ya motsa. Ya shiga ya tsuguna a gaban bokiti na farko, ya cusa yatsa cikin ƙasar, ya yi tsaki irin wanda mahaifina yake yi in na yi noma a karkace. Ya ɗaga mini yatsu biyar, ya girgiza kai, ya ɗaga ɗaya. Ashe cunkusa su na yi, biyar biyar a bokiti, suna ta kokawa babu mai girma. Ya kama na farko zai tuge, ya tsaya ya ɗago kai ya ce, "Izin?" Na gyaɗa kai. Haka ya yi a kan kowane tsiro, bai gaji ba, ni ma ban gaji da gyaɗa kai ba, ko da yake da ya kai bokiti na shida na kusa janye izinin. Ya huda gindin bokitan don ruwa ya riƙa fita. Ya samo tsofaffin harami da alhazai suka bari ya ɗaura musu rumfa. Ya buɗe littafin da ya hana ni cin tuwo ya nuna mini: zanen bokitaina ne a ciki, da alama a kan waɗanda yake ganin ba za su kai sati ba.

Kalma ɗaya muka samu da ba ta yaudare mu ba, bamiya, sunan kuɓewa a wurin Larabawa, su ma haka suke ce mata. Da ita muka yi hira har suka gama kwanakinsu. In ya dawo daga Harami ya ce bamiya, in ce bamiya, mu tafi mu duba.

Ranar da motarsu ta zo ɗaukarsu, ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya dafa ƙirji, ya ce, "Musade." Yanzu na san ba kilishi yake nema ba, sallama yake nema ya koma gida. Na riƙe hannun na ɗan jima. Na ce masa da Hausa na ba shi izini, ya gaida mutanen gida. Ya amsa da wani dogon abu da ban ji ba, ya hau mota.

A shekarar nan har aka watse babu wanda ya tambaye ni ko da sunana. Kuɓewar ta yi 'ya'ya bayan tafiyarsa, matata ta yi miya da ita, ta ce a gode wa Baturke. Takardar kuwa tana nan cikin hulata, ta yi laushi, layi biyun nan sun fara dushewa. Ita kaɗai ce takardar da nake da ita a ƙasar nan. Matata ta ce duk ranar da aka tare ni a hanya in ciro ta in nuna, su ga cewa ni ba neman izini nake yi ba, bayarwa nake yi.