Mutumin da Nake Bari Cikin Toka

Duk wanda ya tsara takardar nan ta karatun shekara bai taɓa riƙe fartanya ba. Na faɗa a gaban Fasto, kuma ban janye ba har yau.

Kowace sabuwar shekara ake raba mana ita a majami'armu da ke bayan Malumfashi: karatun kowace rana, daga farkon Littafi Mai Tsarki har ƙarshensa. Ni kuwa ba raguwa ba ce. Da sanyin Janairu nakan fara da zafina, in dama koko, in zauna bakin murhu, in yi ta bin layi da yatsa. Haka zan tafi lafiya lau har ruwa ya sauka. Daga nan sai shuka, sai noman farko, ga gonar masara a wuyana ni kaɗai tun rasuwar maigidana. In na dawo da yamma, ko allura ba na iya gani, balle ƙananan baƙaƙe.

Abin haushin, a wuri ɗaya karatun yake mutu mini kowace shekara: labarin bawan Allahn nan da ya rasa 'ya'yansa da dukiyarsa, yana zaune cikin toka, abokansa sun kewaye shi da surutu. Nan nake barinsa, in tafi ciyawa. Kafin in ɗago, jama'a sun yi nisa, kunya ta kama ni, in rufe Littafin sai baɗi.

Da ba zan damu haka ba. Amma shekarar da babbar mota ta buge ɗana a kan babur a hanyar Dayi ya rasu, duk wanda ya shigo gaisuwa da labarin mutumin nan ya shigo. "Yi haƙuri, Mama, shi ma an mayar masa ninki biyu." Ninki biyu! Sai ka ce akuya ce ta ɓata mini. Na ji haushin maganar nan har cikin ƙashina. Ina iya buɗe wurin kawai in duba, amma na ƙi. Gutsure-gutsuren da ake ba ni sun ishe ni. So nake in zo wurin da ƙafata, daga farko, in ga abin da aka rubuta da idona.

Sai na je wurin Fasto, yaro ne sa'an marigayi ɗana, mai kirki, ba na ɗauke masa wannan. Na ce zan fara tawa shekarar da an gama kaka. Da rani in ci na kwana biyu a rana ɗaya, da damina in lallaɓa.

Ya ce, "Mama, amfanin takardar shi ne mu tafi tare. In kowa ya yanka tasa hanya, ina ikilisiya?"

Na ce, "Malam, tare da wa? Duba mini waɗanda suke tashi tsaye ƙarshen shekara. Malamin makaranta, da mai shagon magani, da uwargidanka. Akwai mai kantar fartanya a hannu cikinsu?"

Ya ce horon kai ne ya yi mana ƙaranci. Na nuna masa tafin hannuna, na ce sai an jima.

Ranar da aka ɗora damin dawa na ƙarshe a rumbu, na buɗe shafin farko. Matan zumuntar majami'armu suka samu abin tsokana. Wata ta ce, "Mama ta yi sabuwar shekararta ita kaɗai, ina namu tuwon?" Na ce ta zo da itace. Ina ɓarzar masara ina karatu, ina jiran wake ya nuna ina karatu. Sunayen nan masu karya haƙori, wane ya haifi wane, ban tsallake ko ɗaya ba, ko da yake na san masu su ba za su amsa ba in sun ji yadda nake kiransu.

Ana tsakiyar zafin bazara, ko hadari bai fara haɗuwa ba, na iso wurin mutumina. Yana nan inda na bar shi. Na ce, "Bana ba inda za ni." Na zauna da shi a inuwar rumbu har ƙarshen labarinsa, na rufe Littafin, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar ɗana.

Da damina ta zo, na ƙulle Littafin a leda, ina ɗan tsakura a gindin ɗorawa lokacin fura. Wata rana layi kaɗan, wata rana ko buɗewa ban yi ba, kuma ban roƙi gafarar kowa ba. Na kai shafin ƙarshe ana yankan dawa.

A sujadar ƙarshen shekara Fasto ya ce waɗanda suka gama takarda su tashi. Mutanen da na lissafa suka tashi. Ni ma na dafa benci na miƙe.

Ya ce a hankali, "Mama, waɗanda suka bi takarda na ce."

Na ce, "Na ji, Malam. Ni Littafin na gama."

Bai miƙo mini hannu yadda ya yi wa sauran ba, ni ma ban zauna ba sai da aka yi addu'a.

A bakin ƙofa wata ƙaramar mace ta riƙe mini gyale. Da daminar nan zazzaɓi ya ɗauke mata 'yarta, kuma na san abin da masu gaisuwa suka gaya mata. Ta ce, "Mama, da gaske an mayar masa?"

Na ce, "Dabbobin ne aka ninka. 'Ya'ya kuwa wasu aka ba shi, 'yata. Na farkon ba su dawo ba, kuma ba a rubuta ko'ina cewa ya manta da su ba."

Ta murza bakin gyalena. Sai ta ce, "Yaushe za ki sake farawa?"

Na ce ai na riga na fara, amma ta zo gobe da safe, zan koma shafin farko.