Mai Shafa Shuni

Shekara talatin ina shafa wa awaki da tumaki shuni a kasuwar Mallawa. Dabbar da na shafa wa ja, ita direba ke lodawa zuwa Najeriya, ba ya tambaya. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji huɗu na yi, amma a gidana ni ne babban masani, ko da yake uwar yarana ba ta taɓa sa hannu a kan haka ba.

Da ciwon baya ya kwantar da ita, muka kai ta Damagaram, likita ya ce kansar ɓargo ce. Ya ba da ƙwayoyi. Na ce ba za ta sha ba sai na ji aikinsu. 'Yata, wadda ke aikin jinya, ta zaunar da ni.

"Baba, a jiki akwai masu shafa alama. Abin da suka shafa, wani injin niƙa na cikin jiki ya cinye shi. Maganin nan yana sa su shafa wa abin da kansar ke rayuwa da shi."

Na miƙe tsaye. "To wa ke duba mai shafawar?"

Na san abin da nake tsoro. Wata ranar kasuwa, rana ta yi zafi, na shafa wa ragon da ba na sayarwa ba ja. Kafin la'asar ya haye iyaka. Ragon uwar yarana ne.

Ta sha maganin, ni kuma zama ya gagare ni. In fita ƙofar gida, in dawo, in leƙa ɗaki. In ta yi tari, in ce shi ke nan, sun shafa wa huhu. In ƙafarta ta yi sanyi, in kira 'yata a waya. Duk wata a ɗebi jininta, in bi likita har bakin moto, wato babur ɗinsa, ina masa tambayoyi.

"Malam, ka zauna mana," in ji uwar yarana. "Kai ke sa mini jiri, ba ƙwayar ba."

Wata na huɗu likita ya duba takarda ya ce ciwon ya ja baya. Bai ce ya tafi ba, na tambaya sau uku.

A hanyar gida ta dafa kafaɗata ta ce, "Ka gani? Nasu masu shafawar sun fi ka ido."

Na ce wata huɗu kawai suka yi a aiki. Ni sai a shekara ta tara na ɓatar da ragonta. Shi ya sa har yau nake leƙa ɗakin.