Layi Tara a Kan Kowane Fayil

Da soja suka yanka jiharmu biyu, rediyo ne ya gaya mana. Kafin mako ya zagayo aka ce kowane ma'aikaci zai koma inda mahaifinsa ya fito. Ni a unguwar Mabera, cikin babban birnin jihar, aka yanke mini cibi, a nan uwata take, a nan na yi aure, amma ƙauyen babana ya faɗa can ɓangaren. Sau biyu na taɓa zuwansa, duk ta'aziyya.

Ina aiki a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikata. Kowane fayil namu yana da kai mai layi tara: sunan jiha, sunan ma'aikata, sai yankunan da muke kula da su. Shugabanmu, wani dattijo Basakkwace mai son kammala, ya ce a canza su duka.

Na ƙi bin su ɗaya-ɗaya da hannu, don zama ma gagarata yake yi. Sai na rubuta ɗan shirin da zai buɗe kowane fayil, ya cire tsohon kai, ya sa sabo, sannan ya haɗa aikin da kansa. Na'urar kuwa layi guda ta iya nema, tara sun fi ƙarfinta. Ga shi kowa da yadda ya buga nasa. Musulminmu da Bisimilla suke farawa, kuma ba mai yarda inji ya goge ta. Abokiyar aikina, Kirista 'yar Filato, taurari take jerawa a sama. Kwanaki ina tashi ina zama, ina zagin allon, ina leƙa ofishin shugaba ko an ce wani abu a kaina. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji.

A ƙarshe na koya wa shirin ya tsallake Bisimilla da taurari, ya share daga sunan jiha zuwa layin da ba komai. Na danna. Kafin shayina ya huce ya gama.

Na ɗauka wanda ya yi wannan ba za a sake shi ba. Shugaba ya duba, ya jinjina kai.

"Malam, aikin ga ya yi kyawo," in ji shi. "Ka kwafe shi cikin faifai ka tahi da shi. Can ma sai kun cire sunanmu."