Jan Ƙyalle da Tsumman Awon Baba

Har yau in aka tambaye ni wa ya ɓata jallabiyar angon nan, nakan ce Amurkawa ne. Da sun bar dokar wasansu yadda take, da na fito daga bayan shago da wuri, da almakashin Baba bai taɓa yadin ba. Na san hujjar ba ta tsayuwa, amma ina jin daɗin faɗinta.

Shagon ɗinkinmu yana unguwar Bani Malik a Jidda, a wani lungu tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da ful, dafaffen waken Larabawa. Mu huɗu ne a ciki. Ni ina kan keke. Akwai mai guga, wani ɗan Chadi mai ƙatuwar murya wanda ko raɗa ya yi sai an ji a titi. Akwai mudir, wato manaja, wanda kafilinmu, ubangidan da ya tsaya mana a ƙasar, ya ɗora a kanmu, Bahaushe haifaffen Jidda, in ya fara magana da Hausa sai ya ƙarasa da Larabci. Sai Baba mai yanka, Badamagare, wanda ya fi shekara talatin a bakin tebur ɗaya. Ni kuwa Bakano ne, don haka ranar da na fara aiki ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhamdulillahi, Allah ya aiko mini da bawa." Na ce ni ai na zo ne in ga yadda bayinmu suke zaune a ƙasa mai tsarki. Tun daga ranar ba mu ƙara gaisawa kamar mutanen kirki ba. Na zuba masa gishiri a shayi, ya ɗinke mini bakin aljihu. Wasan Kanawa da Damagarawa ne, mun gaje shi, kuma ba a kai ƙarar abokin wasa.

Ƙwallon Amurka kuwa ƙanena ne ya jefa ni ciki. Yana tuƙa babbar mota a can, in muka yi waya daga gaisuwa sai shiru, shi ba ya sanin mutanen da nake ba shi labari, ni ban san nasa ba. Na lura in ya taɓo ƙungiyar garinsu bakinsa yana buɗewa, sai na fara kallo don mu sami abin faɗa. Wata uku ban gane komai ba sai ƙatti masu hular kwano suna danne juna a kan ƙwallo mai siffar gwanda. Daga baya abin ya shiga jinina. Ran Litinin, in muka rufe shago tsakanin azahar da la'asar, sai in shige bayan labule wajen tarin yadi in kalli maimaicin wasan jiya a waya.

Abin da ya fi burge ni ba gudun ba ne, shari'ar ce. Mutanen nan ba sa gajiya da gyara doka. Alƙalin wasa zai yanke hukunci, sai koci ya zaro wani jan ƙyalle daga aljihu ko daga safa ya wurga cikin fili, ma'ana bai yarda ba, a je a duba hoto. A tsayar da komai, a yi ta juya bidiyo gaba da baya. In hoto ya nuna kuskure sarai, a sauya hukunci. In bai fito sarai ba, hukuncin farko ya tsaya, ko da kowa a zuciyarsa ya san an yi zalunci. Na yi wa 'yan shago wannan bayani har suka haddace. Baba ya ce, "Bon, wato alƙalin nasu bai da kunya, a gaban jama'a yake lashe amansa?" Mai guga kuwa ya tsinci wani guntun jan yadi ya mai da shi tutarmu. In aka yi gardama kan wa ya shanye ruwan sanyi, sai ka ga jan ƙyalle ya faɗo tsakiyar shago. Har mudir, da yake ɗaure fuska, ya taɓa wurga shi ranar da na ce na share ƙasan keke.

A shekarar ce kuma aka taɓa dokar ƙarin lokaci. A da, in an tashi kunnen doki, sai a jefa kwabo, wanda ya fara karɓar ƙwallo in ya kai ta ƙarshen fili, halas, shi ke nan, an tashi, ɗaya ɓangaren ko taɓa ƙwallo bai yi ba. Sabuwar doka ta ce a'a, ko an ci su sai an ba su tasu damar. Ni da ƙanena mun yi kwana biyu muna yabon wannan adalci a waya.

Baba ba ya rubuta awo. In mutum ya zo, sai ya yago siririn tsumma mai tsawo, ya gwada shi a jikinsa, ya ƙulla ƙulli a tsawon riga, wani a hannu, wani a kafaɗa, wani a wuya. Sai ya ɗaure yadin mutumin da wannan tsumma ya ajiye a kan kantar shago. In zai yanka, ya kwance, ya bi ƙullin da yatsa, alli na bin bayan yatsan. Mudir ya tsani wannan abu. Ya sha cewa, "Ya ammi, duniya ta ci gaba, kullu shai, komai da komai, a kwamfuta yake." Ƙasan maganar kuwa kowa ya sani. Idon Baba ya fara rauni, yakan kai allura har bakin hanci kafin ya zura zare, kuma mudir yana da wani matashin mai yanka da yake son kawowa. Iƙamar Baba, takardar izinin zamansa, a kan shagon take. In aka ɗauke shi daga tebur, ba wani kafilin da zai karɓi tsoho, sai dai jirgi zuwa gida, inda waɗanda suka san shi yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa.

Wata Litinin da hantsi, yadi biyu suna jere a kanta, dukansu farare. Ɗaya na wani ango ne, dogo har sai ya sunkuya a ƙofarmu, yadin kuma amarya ce ta aiko da shi daga wajen ɗan'uwanta, ba irinsa a kasuwa kusa. Ɗayan na wani gajeren mai gidan abinci ne daga unguwar Nuzla. Baba ya fita alwala, Shaiɗan ya zauna a kafaɗata. Na kwance tsummokin na musanya su. Niyyata, wallahi, in tsaya a kansa bayan la'asar, in bari ya shimfiɗa yadi ya ɗauki alli, sannan in ce, "Badamagare, angon naka wada ne?" A yi dariya, in ci wasan ranar.

Muka yi azahar, na shige bayan labule. Wasan ya yi zafi, aka tashi kunnen doki. Abokan hamayya suka ci kwabo, suka karɓi ƙwallo, suka kai ta ƙarshen fili. A tsohuwar doka nan zan kashe waya in fito ina tsaki. Amma sabuwar doka ta miƙa wa ƙungiyar ƙanena ƙwallo, suka fara tafiya taku-taku, a tsakiya kuma aka tsaya duba hoto, ko ƙafar wani ta taka layi. Na san maimaici ne, na san ana iya tsayar da shi. Kada a tambaye ni. Abin da ban sani ba shi ne Baba bai kishingiɗa a masallaci ba ranar, ya dawo da wuri don ya rage aikin ango. Ina can ina cizon yatsa, na ji wani sauti daga cikin shago, ƙaras, ƙaras, ƙaras. Kafin in ture labule ya gama yanke gaba da bayan rigar.

Na tsaya ina kallon yadin. Ya ɗago ya ce, "Mi ya faru, bawa? An ci ku?" Na ce, "An ci mu." Ban ƙara ko kalma ba, kuma wannan shirun shi ne laifina na gaske, ya fi musanya tsumma muni. Na karɓi yankan na ɗinke shi da hannuna, ina fata ko ango zai gajarce kafin Alhamis.

Bai gajarce ba. Ya zo gwaji, jallabiya ta tsaya masa a ƙwauri, hannu a gwiwar hannu. Mai guga ya fashe da dariya sannan ya mai da ita tari. Ango ya fita yana faɗa da Larabci, mudir ya bi shi har mota yana ba shi haƙuri. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya ammi, halas. Ido ya gaji. Ƙarshen wata zan yi wa kafili magana, ka huta." Baba ya dubi almakashinsa.

Sai ga jan ƙyalle ya faɗo a kan tebur. Mai guga ne, kuma wannan karon ba dariya a fuskarsa. Ya ce, "A duba hoto. Shekara nawa tsohon nan yana yanka, bai taɓa ba dogo rigar gajere ba." Akwai kyamara a saman ƙofa, tana kallon wajen karɓar baƙi, gefenta yana kama kantar da muke ajiye yadi. Mudir ya ce, "Tayyib, yalla," ya buɗe wayarsa. Muka taru a kan wayar mu huɗu. Ga Litinin, ga Baba ya fita da buta, ga ni na tashi na nufi kanta. Daidai nan kuma ga jerin jallabiyoyin da mai guga da kansa ya rataye, sun rufe ni daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ƙeyata kawai ake gani da ƙafafuna. Mudir ya mayar baya sau uku. Ya ce, "Me kake yi a nan?" Na ce alli nake nema. Ya ɗaga kafaɗa. "Ma fi dalil, ba hujja. Ba kai ka koya mana ba? In hoto bai fito sarai ba, hukunci ya tsaya." Dokar da na kawo shagon da bakina ita ta wanke ni, na ji sanyi a raina, sannan na ji kunyar jin sanyin.

Washegari da hantsi mudir ya fita, mai guga ya tafi kai kaya. Baba yana zaune yana shafa tsumman ango a cinyarsa. Bai dube ni ba ya ce, "Bawa, a wasan nan naku, an taɓa yin kocin da hukunci ya yi masa daɗi, ya jefa jan ƙyalle a kan kansa?"

Na ce, "Ba a taɓa ba, Baba."

"Na sani. Ai Bakano ne ya ƙirƙiro wasan."

Na yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fita. Ya ce, "Ni da hagu nake ɗauri, zarge ɗaya. Ran Litinin da na kwance yadin na ji ɗauri biyu, na dama. Na tsaya. Sai na ce wa kaina, tsoho, ido ya tahi, yanzu hannu ma ya fara mantuwa. Na ji tsoro in tambaya, kada a ji. Shi ya sa na yanka." Ya naɗe tsumman a yatsa. "Sai jiya da na ga ƙeyarka a hoto hankalina ya kwanta. Ashe hannuna lafiya lau."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa wa mudir ba?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "In kai ƙarar bawana? A ji a Damagaram?"

Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba. Mutumin ya kwana uku yana zargin hannunsa, ya yarda a sallame shi, don dai kada ya karya wasan da ni na riga na karya. Da mudir ya shigo na ɗauki jan ƙyallen daga kan teburin guga na wurga masa a ƙirji. Ya ce, "Esh hada? Mene ne wannan?" Na ce a sake duba hoto, wannan karon ni zan faɗi abin da jallabiyoyi suka rufe. Na faɗa duka, har da ƙarin lokacin. Ya zage ni da harshe biyu, ya ce wayata ba ta ƙara shiga shago, kuma ni zan je gidan su ango in yi bayani da bakina. Na je. Wannan labarin kansa ba na son tuna shi.

Maganar kafili ta mutu a nan, Baba ya zauna a teburinsa. Amma da yamma ya kira ni gefe ya ce, "Kada ka yi murna da yawa. Shekara goma baya, ko an musanya tsumma, ina shimfiɗa yadi zan ga wannan ba tsawon mutumin da na auna ba ne." Daga ranar ya kafa tasa dokar. Kafin ya sa almakashi, ni zan ɗauko yadi daga kanta, in kwance, in faɗi mai shi da tsawonsa da ƙarfi, shi kuma ya bi ƙulli da yatsa. Mudir ya ɗauka horo ne aka yi mini, mun bar shi a haka.

Jan ƙyallen kuwa Baba ya ɗauke shi, ya sa a aljihun gaba inda yake ajiye alli. Na ce ya dawo mana da kayanmu. Ya ce a'a, ranar da ya ji hannun ya fara mantuwa da gaske, shi zai jefa da kansa, ba sai wani Bakano ya riga shi ba. Kullum da safe in na miƙa masa yadi sai na saci kallon aljihun, in ga ko bakin jan yana nan.