Agogon Mai Injin Niƙa

Ka taɓa jin ƙarar wayarka a gefen injin niƙa? Ni sau uku na gwada, ban ji ba.

Ga mai injin nan, gari ya rufe shi har gira, amma agogon da ke haɗe da wayarsa naɗe yake cikin leda.

Wata mai jiran niƙa ta ɗaga murya: "Maigida, wannan agogon ai kuɗin buhun masara biyu ne!"

"Uku, Hajiya!" in ji shi yana murmushi. "Tsohuwata na kwance. In ta kira, girgiza min hannu yake."

Can sai ya kashe injin, ya danna agogon da hanci: "Na'am, Inna."

Je ka tsaya gefen injin a kira ka, sannan mu yi maganar tsada.