Muryar Inna Mero a Waya

Malama Munawwara, mai koyarwa a firamaren Sara, ta yi kashin farko na kimiyyar harshe tun tana budurwa. Sai da 'ya'yanta suka tasa ta koma Birnin Kudu yin kashi na biyu. Can aka ce kowane ɗalibi ya naɗo maganar tsofaffi.

Ta je Dingaya wurin Inna Mero, wadda iyayenta makiyaya ne amma ita Hausa take yi. Tsohuwar ta kalli wayar a kaikaice.

"Wa ya aiko ki? Masu rigimar burtali, hanyar shanu?"

"Makaranta ce, Inna. Yadda kike furta kalmomi nake son ji."

"Makaranta da girmanki? To, kunna in ji."

Munawwara ta naɗi gaisuwarta, ta kunna. Inna Mero ta ce wannan muryar marigayiya mahaifiyarta ce, ba za a kai ta gaban baƙi ba. Munawwara ta goge, ranta ba daɗi. Duk da haka sai da surukar Inna ta bincika wayar kafin aka sallame ta.